Takardun Turawa za su raba mana gardamar sarauta?

Tambaya: Malam, gidaje biyu ne ke jayayya a kan sarautar dagacin ƙauyenmu a ƙasar Kano, har zumunci ya fara lalacewa. An ce idan muka samo takardun Turawa daga Kaduna, magana ta ƙare. A ina za mu nema?

Amsa: Allah ya daidaita tsakaninku. Abin da kuke nema yana Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, cikin fayilolin lardin Kano masu alamar KANPROF, musamman rahotannin ƙiyasin haraji. Ku nema da tsohon sunan gundumarku, domin ba kasafai ƙauye ke da fayil nasa ba. Ku leƙa Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa, gidan adana tarihi a Kano.

Sai dai maganar nan ta "magana ta ƙare" ita ce nake fama da ita kullum. Baturen da ya zaga gundumomi bayan cin Kano a 1903 haraji da jangali ne suka kai shi, tarihin kuwa 'yan layuka ne da ya liƙa a cikin rahoto. Yakan sauka a ƙauye kwana ɗaya ko biyu, ya zauna da tafinta, hakimi yana gefe, a kira dagacin da ke kan gado a tambaye shi kakanninsa. To, wa zai ambaci gidan da aka tuɓe a gaban wanda ya gaje su? Shekarun sarautar da kuke gani a jere, lissafi ne da baya-baya daga abin da tsofaffi suka tuna, sunaye kuma an rubuta su yadda kunnen baƙo ya ji, har mutum ɗaya ya zama biyu. Ko yawan jama'a ba abin dogaro ba ne, tun da kowa ya san ƙidaya haraji take jawowa, ana ɓoye samari da shanu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne 'yan damfara masu sayar da shafi guda mai hatimi, babu lambar fayil, babu shekara, mutane su ɗauka su nufi fada da shi suna tunƙaho. Duk wanda ya kawo muku irin wannan, ku ce ya faɗi lambar fayil, ku je ku gani da idonku.

Idan kun samu rahoton, ku gwada shi da wasiƙun ajami da ke gidan liman, da kirarin maroƙa, sannan ku ɗauki muryar tsofaffin gidajen biyu, kowane gida daban, har da tsofaffin mata.