Ƙuncin jirgin shi ne jarinka

Yarona, na karanta labarin da ka kawo mini, na kuma ga tambayar da ka rubuta a bayan takardar: "Maigida, yaya za a riƙe mai kallo minti 90 a cikin jirgin sama, ba tsere, ba lungun ɓuya, kowa ɗaure da bel a kujera? Ko dai mu fasa taga a tsakiyar fim ne don abin ya motsa?"

Ƙyale tagar nan tukuna. Abin da kake kuka da shi, shi ne jarin da ke hannunka. A ƙasa, duk sanda ka jefa jarumi cikin masifa sai mai kallo ya ce, to me ya hana shi gudu, me ya hana shi kiran 'yan sanda? Sai ka ɓata shafi uku kana toshe waɗannan ƙofofin. A jirgi kuwa, da an rufe ƙofa an tashi, magana ta ƙare. Ga agogo kuma an ba ka kyauta, domin kowa ya san mai zai ƙare, dole a sauka.

Inda labarinka ya yi rauni shi ne ka ɓoye wa mai kallo komai, kana jira ka firgita shi a ƙarshe. Firgita daban, zullumi daban. Alfred Hitchcock, shahararren daraktan fina-finai, ya taɓa ba da misali da mutum biyu da ke hira, ga bam a ƙarƙashin teburinsu. In ba wanda ya sani, bam ya tashi, ka samu firgicin daƙiƙa 15. In kuwa ka nuna wa mai kallo bam ɗin, ka nuna masa agogo, sai hirar banzan nan ta zama zullumin minti 15. Kai ma haka za ka yi. Jarumar taka ta san wanda ke kusa da ita mugu ne, mu ma mu sani, sauran fasinjoji kada su sani. Ma'aikaciyar jirgi ta sunkuyo da murmushi ta ce, "Lafiya dai ko?" Hannun mutumin yana kan gwiwar hannunta a ƙarƙashin bargo. Ta ce, "Lafiya lau." Ka tsaya a kan fuskarta, kada ka yanke, har sai ma'aikaciyar ta tura kekenta ta wuce. Wannan ɗan lokacin ya fi fashewar taga goma tsinka zuciya, kuma bai ci maka komai ba sai haƙuri.

Amma hakan ba ya aiki sai mai kallo ya san jirgin kamar ɗakinsa. Minti goman farko, lokacin da ake shiga ana neman kujera ana cusa jakunkuna a sama, ba ɓata lokaci ba ne. A nan za ka koya masa taswira: jaruma tana layi na 18 jikin taga, banɗaki yana can baya, labulen da ya raba manya da sauran jama'a yana layi na 5, wani tsohon likita yana tsallaken hanya. Daga baya in ta miƙe za ta banɗaki don ta bar saƙo a madubi, mai kallo yana ƙirga layukan tare da ita. Hanyar da ke tsakanin kujeru faɗinta bai wuce rabin mita ba a yawancin jirage, keken ma'aikata kaɗai ya isa ya toshe ta. Ka ga ka samu tserenka ke nan, sai dai tsere ne na mai tafiya a hankali yana cewa "gafara dai".

Yanzu ga abin da na koya da wuya. Ba a sama ake ɗaukar irin wannan fim ba, a sutudiyo ake gina cikin jirgin, ko a sayo tsohon jirgi a yayyanka. Fim ɗin United 93 na 2006, tsohon Boeing 757 aka sake haɗawa a sutudiyon Pinewood da ke Ingila. Bangon irin wannan ginin ana iya zare shi don kyamara ta samu fili. Da nake ƙaramin mai ɗaukar hoto, na taɓa sa aka zare bangon gefe guda, na ja baya na ɗauko layi shida a hoto ɗaya, ina ta jin daɗi na yi gwaninta. Da muka zauna tacewa, sai ga fitowar ta mutu murus. Mutanen sun koma kamar masu zaman jiran likita. Idon mai kallo ya gane cewa inda kyamarar ta tsaya, a jirgin gaske sararin sama ne. Tun daga ranar, ba na ajiye kyamara inda fasinja ba zai iya sa kansa ba. Ta leƙa ta tsakanin kujeru biyu, ta ga rabin fuska, kafaɗar wani ta tare mata sauran. Abin da aka tare shi ke tayar da hankali.

Kuma kada ka matse wurin tun farko, ka riƙa matse shi sannu a hankali. Sidney Lumet, a fim ɗinsa 12 Angry Men na 1957 wanda kusan duka a ɗaki ɗaya aka yi, ya fara da kyamara sama da tsayin ido, ya sauko daidai ido, ya ƙare daga ƙasa har rufin ɗakin ya shigo hoto, yana kuma canza gilashin kyamara zuwa mai janyo nesa kusa don bango ya yi kamar yana matsowa. Jirgi ma yana karɓar wannan dabarar. Girgiza kyamara kuwa, da na ga kana sha'awa, ka adana ta. In ka girgiza tun minti na 10, me za ka yi a minti na 80?

Sauti ma haka. Gurnanin inji a ɗakin tacewa ake sa shi, ba a wurin ɗauka ba, don maganar 'yan wasa ta fita tas. Ka bar shi yana gudana a ƙasa har kunne ya manta da shi, sannan a wata fitowa ka janye shi. Za ka ga masu kallo sun gyara zama ba su san dalili ba.

To, mu dawo kan tagarka. Masu kallonka da yawa sun hau jirgi, in ka yi musu ƙarya sau ɗaya sun daina jin tsoro. Ka rubuta cewa mugun ya buɗe ƙofa a tsakiyar tafiya: goge shi. A ƙafa dubu 35, iskar da aka matse a ciki tana danne ƙofar da nauyin tan da yawa, ba ƙaton da zai iya motsa ta. Ramin harsashi ma ba ya zuƙe mutane waje, iska ce kawai za ta riƙa zurarewa. Fashewar taga kam haɗari ce ta gaske, amma ga yadda take: abin shaƙar iska ya faɗo, wanda bai sa ba hankalinsa zai gushe cikin daƙiƙa 30 zuwa 60, iskar abin kanta ba ta wuce kimanin minti 12 zuwa 20, shi ya sa matuƙi ke sulmiyowa da sauri zuwa ƙafa dubu 10. In har sai ka fasa, ga agogo na biyu nan, yi aiki da shi. Haka ƙofar ɗakin matuƙa: bayan harin 11 ga Satumba na 2001 an ƙarfafa ta, a kulle take, ba a ɓalle ta da kafaɗa. Wannan bai kashe labari ba, sai ma ya haifi sabo. Fim ɗin 7500 na 2019, wanda ya ɗauki sunansa daga lambar da matuƙi ke aikawa ƙasa in an yi fashin jirgi, kusan duka a cikin wannan ɗan ɗakin aka yi shi, mataimakin matuƙi yana kallon abin da ake yi wa fasinjoji ta ƙaramin allo, kuma ya san bai kamata ya buɗe ba.

Ka koma ka zana mini taswirar kujerun a babbar takarda, kowane fasinja da lambarsa, har 'yan cike gurbi, domin mai jan hula da ke layi na 12 ranar farko dole ya kasance nan ranar ƙarshe ta ɗauka. Ka rubuta a gefe wa ya san me a kowane minti 10. Ka kawo mini su ranar Litinin, sai mu zauna a kan shafi na 40, inda jarumar taka ta samu wuƙa a jirgi ba ka faɗa mana yadda ta wuce masu bincike ba.