Tambaya da Amsa: Katakon jitar lantarki yana canja amonta kuwa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni kafinta ne a Tarauni, kuma ina ɗan taɓa jita. Ina so in haɗa jitar lantarki irin wadda ake kwantarwa a cinya ana goga mata ƙarfe. Wani mai sayar da kayan kiɗa a Sabon Gari ya ce in ba mahogani na waje na samu ba, amon ba zai yi daɗi ba. Gaskiya ne, ko in je Na'ibawa in sayi katakon da na samu?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Je ka Na'ibawa abinka. Amma tsaya ka ji dalili, don kada gobe wani ya sake ruɗa ka.

Mu da muka tashi da garaya da gurmi da goge, kunnenmu ya saba da cewa jikin abin kiɗa shi ne muryarsa. Tsirkiya tana girgiza jaki, wato ɗan abin da take hawa a kai, jaki ya girgiza fatar da aka ɗaura a ƙwarya, fatar ta tura iska zuwa kunne. Shi ya sa kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, da gwangwanin kifi ne jikinsa, yake da wannan siririyar murya tasa. Jitar lantarki ba haka take aiki ba. A ƙarƙashin tsirkiyunta akwai fikof, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe tana kaɗawa a gabansa, ƙaramar wuta ta taso a cikin wayar, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, sifika ta fitar. Maganaɗisu ba ya jin katako, motsin ƙarfe kawai ya sani.

To ina katakon ya shigo? Ta bayan gida. Tsirkiyar a ɗaure take a jikinsa, saboda haka yana satar wani abu daga ƙarfin kaɗawarta. Ba ya ƙara mata komai, rage mata yake yi. Jiki mai tauri kuma mai nauyi, kaɗan yake sata, sai amon ya daɗe yana ja kafin ya mutu. Jiki mai laushi, ko wanda haɗinsa ya yi sako-sako, yana shanye amon da wuri. Gwada wannan yau da daddare: kaɗa jita ba tare da ka jona ta ba, sannan ka dafa kanta a jikin ƙofar katako. Za ka ji ƙara ta ƙaru, har ƙofar tana rawa a tafin hannunka. Jona ta a amfilifaya ka maimaita. Da ƙyar za ka ji wani bambanci a sifika.

Tarihin kayan ma ya nuna haka. Jitar lantarki ta farko da ta samu karɓuwa a kasuwa, a 1932 a Amurka, irin taka ce ta cinya, ta kamfanin Rickenbacker, kuma da alminiyom aka zuba jikinta, ana mata laƙabi da kaskon suya saboda siffarta. Matsalarta ita ce zafi yana buɗa ƙarfen, saitin tsirkiya ya gudu. A 1935 suka fito da wata jitar ta roba mai tauri da ake kira Bakelite, kuma har yau masu wannan kiɗa suna neman waɗannan na roba ruwa a jallo. Kamfanin Fender kuwa ya fara jitarsa Stratocaster a 1954 da katakon ash, a 1956 ya mayar da mafi yawansu katakon alder, ba a daina gane muryar Stratocaster ba.

Maganar mahogani an fi danganta ta da jitar Les Paul ta kamfanin Gibson, wadda ta fito a 1952 da jikin mahogani da murfin katakon maple. Mutane suka ji muryarta mai kauri suka ce katakon ne. Sun manta tsawon tsirkiyarta inci 24.75 ne, na Fender 25.5, kuma tun 1957 take ɗauke da fikof mai naɗi biyu, wanda da ma yake dushe kaifin sauti. A ganina a nan kaurin yake, katakon ya ci suna ne kawai.

Ba na cewa jiki ba shi da tasiri ko kaɗan. A jita mai rami a ciki tasirin a fili yake: amo ya fi saurin mutuwa, kuma in ka matsa kusa da sifika sai ta fara ihu. A jitar hannu ta yau da kullum, siririn wuyan ya fi faffaɗan jikin satar amo, shi ya sa amon wani gurbin da ake dannawa a wuyan yake mutuwa da wuri. Taka ta cinya kuwa gungume ɗaya ce daga kai har gindi, kuma tsirkiya ba ta taɓa wuya, kan ƙarfen da ke hannunka take hawa. Nauyi da santsin wannan ƙarfe sun fi irin katakon tasiri a amonka.

Abin da zai cuce ka a Kano ɗanyen katako ne. Ka haɗa da damina, hunturu ya zo ya tsotse shi, ya kantare ko ya tsage, sukurori su saki. Nemi busasshe ƙayau, marar ƙulli, mai kaurin inci 2, ka ajiye shi a inuwar shagonka makonni kafin ka sa masa zarto. In ka samu maɗaci, ai shi ma dangin mahogani ne, ɗan gida. Ka kafa jakin ƙarfe ya zauna daram. Kuɗin da ka so zubawa a katakon waje, sa shi a fikof mai kyau, kuma kafin ka huda masa gurbi ka riƙa matsar da shi kana saurare: kusa da jaki amo kaifi ne, in ya yi nisa da shi sai ya yi kauri. Inda kunnenka ya tsaya, nan za ka huda.