Amsar tambayarka kan busta (injin ƙara wa ruwan famfo ƙarfi) na gidan nan mai bene

Yarona na ga saƙonka tun safe, hannuna ne a jiƙe shi yasa ban amsa ba. Ka ce mai gidan yana kukan shawar sama ba ta da ƙarfi, ruwa na zuwa kamar hawaye, kuma kana tambaya inji mai hos ɗaya (hos shi ne ma'aunin ƙarfin inji) za ka ce ya saya ko ɗaya da rabi, sannan wane kamfani. Toh tun daga tambayar ka kauce hanya, domin ba da hos ake zaɓen inji ba, kuma ni har yanzu ban yarda gidan na buƙatar inji ba sai ka gwada.

Ka koma da bokiti mai lita 10 da agogon wayarka. Kwance kan shawar gaba ɗaya ka tara ruwan a bakin fayif. In bokitin ya cika a minti ɗaya ko ƙasa da haka, ruwa na nan, kan shawar ne ya toshe da farin gishirin nan, wanke shi ko canja shi shikenan. Ka duba filta, ka duba bawul ko wani ya bar shi rabi a buɗe, ka duba ko tsohon fayif ɗin ƙarfe ne da tsatsa ta cinye cikinsa har ramin ya koma kamar na biro. Sau nawa aka kira ni sa inji na tarar ɗan tsumma ne ko tef ya maƙale a elbo.

In duk wannan lafiya lau ne, sai lissafi. Riƙe wannan a kanka har ka tsufa: tsayin mita 10 na ruwa shi ke ba da kusan bar 1, bar kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin turin ruwa. Ka ce tankin nasu bai fi mita 2 a saman shawar ba, ka ga kenan bar 0.2 kawai suke samu, ina ƙarfi zai fito? Shawa tana daɗi ne a wajen bar 2, wato mita 20. Ka ƙara kamar mita 5 na abin da ke ɓacewa a doguwar hanya da elbo da ti, ka cire mita 2 da tankin ya riga ya ba ka kyauta, ya rage 23, mu ce 25. Da a ƙasa tankin yake sai ka ƙara tsayin benen a kai maimakon ka cire. Sai yawan ruwa: shawa ɗaya na shan lita 8 zuwa 12 a minti, kada ka ƙirga duka famfunan gidan don ba a buɗe su lokaci guda, ka ɗauki shawa biyu da famfon kicin, kusan lita 30 a minti. Abin da kake nema kenan, lita 30 a mita 25, su biyun tare.

Nan ne ake cin yara irinku. Za ka ga ƙaramin injin nan rabin hos, wat 370, an rubuta a jikinsa mita 40 da lita 40, ka ce ai ya ma wuce abin da nake so. A'a. Mita 40 ɗin sai an kulle duk famfo ba ɗigo ɗaya da ke fita, lita 40 ɗin kuma sai ruwan na zuba a bakin injin ba ya hawa ko'ina, ba ya taɓa ba ka biyun a tare, a mita 25 da ƙyar ka samu lita 15. Shi yasa nake ce maku ku buɗe kwali ku nemi takardar da ke da zanen layin nan mai gangarowa, ka sa yatsa a lita 30 ka hau sama ka ga mita nawa layin ya ba ka. Ka fi son wurin da yatsanka ya tsaya ya zama tsakiyar layin, ba can bakin ƙarshe ba. Injin da babu wannan zane ko tebur a takardarsa ni ba na ɗauka ko kyauta ne.

Kuma babba ba shi ne nagari ba. Ina sabon fara aikin kaina na taɓa cusa wa wani tsohon gida inji mai hos ɗaya da rabi don in burge, mai gida ya ga shawa na duka kamar ruwan sama ya yi ta sa min albarka, kwana huɗu aka kira ni bango ya jiƙe shakaf, joyin biyu sun buɗe a ciki, hita na ɗiga ta bawul ɗinta. Da kuɗina na fasa tayil. Gida kada ya wuce bar 4, in ya haura 5 kana neman rigima ne da fayif da tiyon bayan gida.

Irin injin kuwa, ƙaramin nan mai siririyar farfela yana da ƙara kamar injin niƙa, ba ya son yashi ko kaɗan, in ya kwana biyu ba a kunna ba sai ya cije. Ga gidan da ake kwana kusa da shi na fi son mai farfela da yawa a jere, shiru gare shi kuma ruwansa a daidai. In mai gida na da hali akwai mai inbata wanda ke rage gudu da ƙara gudu da kansa, ko mutum uku sun buɗe ruwa ƙarfin ba ya faɗuwa, irin Scala2 na Grundfos ko Esybox na DAB, sai dai allon lantarkinsu ba ya son wuta mai hawa da sauka, a sa masa kariya. Pedrollo da Wilo ma sunaye ne da aka sani. Amma suna a kwali ba komai ba ne, jabu ya yi yawa, ka ɗaga ka ji nauyi, ka tambaya kwayil ɗin kofa ne, wato jan ƙarfe, ko alminiyam, yana da abin da ke kashe shi in ya yi zafi, sannan babbar tambaya, ana samun sil da boris da kafasitarsa? Waɗannan ukun su ke mutuwa.

Abin da ke kashe inji da wuri biyu ne kuma duk a hannunka suke. Na farko gudu babu ruwa: tanki ya ƙare inji na ta juyi, sil ɗin da ruwa ke sanyaya shi ya ƙone cikin mintuna, don haka dole ka haɗa kwantirola mai yanke wuta in ruwa ya ɗauke. Na biyu tashi da mutuwa kowane minti saboda wani bayan gida na yoyo a ɓoye, gyara yoyon tukuna, ka kuma sa ƙaramin tankin iska, iskarsa ta zama bar 0.2 ƙasa da ƙarfin ruwan da injin ke tashi a kai, kuma a auna ta babu ruwa a ciki.

Wajen haɗawa, fayif ɗin shiga kada ya kasa bakin injin, in inci ɗaya ne inci ɗaya, gajere, ba kwana-kwana, in ka ji yana ƙara kamar ana tauna tsakuwa toh yunwar ruwa yake ji. Ka sa yuniyon gaba da baya, bawul mai hana ruwa komawa, da wata hanya ta gefe don in babu wuta ruwa ya bi da kansa. Ruwan zafi da na sanyi duk su biyo ta bayan injin, in ba haka ba miksa mai gauraya su ba za ta taɓa daidaita ba. Kada kuma ka kuskura ka ɗaura shi kai tsaye kan layin gwamnati, wurare da yawa doka ta hana, yana zuƙe ruwan maƙwabta yana jawo datti ta inda layi ya fashe.

Gobe ka biya ta shago ka ɗauki geji na na auna ƙarfin ruwa, yana cikin jan akwati. Ka turo min sakan nawa bokitin ya ɗauka da hoton fayif ɗin da ya fito daga tanki kafin ka ce wa mutumin ya fitar da ko sisi.