Kada ka kawo mata miji kafin arba'in

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa babin rasuwar mijin jarumarka bai taɓa zuciyar kowa ba duk da kukan da ka cika shi da shi, kuma ta yaya za ka dawo mata da walwala ba tare da mai karatu ya ce ka yi masa ƙarya ba.

Na karanta. Ka zuba duk ƙarfinka a ranar rasuwa, alhali ranar nan ta jama'a ce. Ana wanka, ana haɗa likkafani, maza sun ɗauki makara, mata sun cika tsakar gida, kowa na "ya haƙuri?", ita kuma bakinta kawai ke amsawa. Wuce wannan da sauri.

Mutuwa tana fara cin mutum ne bayan sadakar uku, an naɗe tabarmi, 'yan ƙauye sun koma. Nan za ka ja zama. Ta auna shinkafa yadda ta saba, sai da ta zo rabawa ta ga kwanonsa a hannunta. Hularsa na rataye a ƙusa, maiƙon kansa na nan a bakin hular. Wayarsa ta yi ƙara, wani ne da labari bai kai masa ba, yana tambayar ko maigida na kusa. Rubuta amsar da za ta ba shi, ka gani ko kana buƙatar kalmar "hawaye" ko sau ɗaya.

Malamin nan da ka sa ya yi mata wa'azi shafi guda don ta yi shiru, cire shi. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim. Kururuwa da yage tufafi aka hana.

Batun walwala kuwa, addini ya riga ya ba ka ma'auni: takaba wata 4 da kwana 10, kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 234, in tana da ciki kuma sai ta haihu. Ba kwalli, ba turare, ba lalle. Kai ko ka ajiye Alhaji mai mota a ƙofar gida kafin arba'in, alhali ko shari'a ba ta yarda a fito fili da neman aurenta a lokacin ba. Wannan ragwanci ne, kuma mata masu karatu, waɗanda su ne kasuwarmu, sun fi mu sanin haka.

Bar ta ta yi dariyarta ta farko ba da niyya ba, ta ji kunyar kanta. A yi rabon gado, dangin miji su ja, a ƙarshe ta karɓi tumunin takabarta ta sayi keken ɗinki. In ka bar ta da ciki, a sa wa yaron sunan marigayin, ta kasa faɗa, ta riƙa kiransa Abba.

Je ka sake babi na tara zuwa na sha biyu. Alhajin ka ajiye shi tukuna, in ma labarin na son sa.