Rubutu a bango zai iya zama aikin fasaha?

Malam Issoufou, ka ce kana son rubuta jimla ɗaya a bango nan Yamai, amma kana tsoron a ɗauke ta talla.

Akwai waɗanda suka riga ka. A 1965 Joseph Kosuth, wani mai fasaha na Amurka, ya ajiye kujera, ya rataya hotonta, kusa da ita kuma ya manna ma'anar kalmar kujera daga ƙamus. Tunanin shi ne aikin. Jenny Holzer kuwa, ita ma mai fasaha daga Amurka, kan allon lantarki na dandalin Times Square da ke birnin New York ta sa jimlolinta a 1982.

A ganina ka fara da cikin ɗaki, kamar a gidan tarihi na Boubou Hama, inda mai shigowa ya zo da niyyar kallo. A titi, mai kabu-kabu ba ya tsayawa, sai ka gajarta jimlar.

Ka tsaya kan mai fenti, don sukan zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ. In ajami ne, kada ya sauko kusa da kwata, jama'a za su zaci aya ce, rigima ta tashi.

Kafin ka taɓa bango, nemi izinin mai shi da na ofishin magajin gari. Girman haruffa da haske kuwa, tambayi ma'aikatan gidan tarihin.