Hukuncin tallata kwas a zauren masu rubuta manhaja

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyar da rubuta manhaja da Python da Flutter ta intanet ana biyana. Ina cikin wani zaure a Telegram da masu koyo ke kawo tambaya, kuma masu kula da shi sun hana talla sai ranar Asabar. Ni kuwa nakan ba da rabin amsa, in ce sauran yana cikin kwas ɗina. Wani lokaci nakan shiga da asusuna na biyu in yaba kwas ɗin kamar ɗalibi. Amma wallahi kwas ɗin yana da kyau. Akwai laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, karɓar kuɗi a kan koyar da sana'a halal ne, kuma faɗin abin da ka iya don bukata ba ya cikin yabon kai da aka hana. Annabi Yusuf (AS) ya faɗi nasa a aya ta 55 ta surarsa.

Abin da ya sauya hukunci shi ne asusun nan na biyu. Ka ce kwas ɗin yana da kyau, na yarda, amma ɗalibin da ke yabonsa babu shi a duniya. Mai karatu ya tura kuɗinsa ne bisa shaidar wanda yake zaton ba shi da riba a cinikin. Wannan haramun ne, ɗan'uwan najashi ne da Annabi (SAW) ya hana, wato a zuga mai saye ta bakin wanda ba saye zai yi ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta sanya tallar da ke ruɗar mai saye cikin sigoginsa na zamani. Sayen taurari, wato alamar yabo, a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ma haka ne. Ka goge saƙonnin, ka rufe asusun, ka tuba, wanda kuma ka san saƙon ne ya ja shi ka ba shi zaɓin karɓar kuɗinsa.

Sai dokar Asabar. Wasu matasa suna cewa dokar masu kula da zaure ba ta hawa kan Musulmi, hujjarsu hadisin da ya ce duk sharaɗin da ba ya cikin Littafin Allah ɓatacce ne. Wannan kuskuren fahimta ne. Hadisin ya zo ne a kan wata baiwa mai suna Barira, lokacin da iyayen gijinta suka sharɗanta wa Nana A'isha (RA) cewa wala'i, wato alaƙar da ke ba da haƙƙin gadon bawan da aka 'yanta, ya zama nasu bayan ta 'yanta ta, alhali Shari'a ta ba da shi ga wanda ya 'yanta. Sharaɗin da ya yi karo da hukuncin Allah ake nufi, kamar yadda Ibn Taimiyya ya yi bayani. Da kowane sharaɗi sai an same shi a nassi, da yarjejeniyar haya da ta aiki duk sun rushe. Hana talla kwana 6 a mako bai halatta haram ba, bai haramta halal ba, ga sauran intanet nan a buɗe gare ka. Ka shiga ka ga dokar ka zauna, to ka karɓa, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Rabin amsa ba zan ce haramun ba ne, tunda ba dole ba ne ka koyar kyauta, amma talla ce aka sa mata rigar taimako. In ka amsa, ka cika: nuna layin da kuskuren yake, dalilinsa, da gyaransa. Ranar Asabar ka fito da sunanka, ka faɗi kuɗin, makonni nawa, da matakin da ɗalibi zai kai. In kana samun kamasho a adireshin intanet da ka saka, faɗa. Ko Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, ta wajabta wa mutum bayyana alaƙarsa da abin da yake tallatawa.

Ina ƙara maka gargaɗi biyu da ba ka tambaya ba. Kada ka kwashi sunayen 'yan zaure kana binsu da saƙo ɗaya ɗaya, musamman mata. Kada kuma ka yi alƙawarin samun aiki da dala bayan wata 3, domin arziki ba a hannunka yake ba, kuma da yawan masu koyon da ƙyar suke haɗa kuɗin data. Wallahu a'alam.