Me "cautionner" take nufi a takardar banki?

Ɗan'uwa, ka ce ƙanenka zai ci bashi a wani banki a Maraɗi, an kawo maka takarda mai ɗauke da "cautionner", kana son sanin ma'anarta kafin ka sa hannu. Gara da ka tambaya.

A Faransanci, "cautionner" shi ne tsaya wa mutum lamuni. Wato ka yarda idan ya kasa biya, kai za a bi. Wanda ya tsaya kuma shi ake kira "caution". Kada ka rikita ta da "caution" ɗin da mai gidan haya ke karɓa, wannan kuɗin ajiya ne kawai.

Nijar tana bin dokar lamuni ta OHADA (ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka), wadda aka sabunta a 2010, kuma a ƙarƙashinta ana ɗaukar lamunin a matsayin "solidaire" sai idan an rubuta akasin haka. Ma'ana, da zarar ƙanenka ya kasa biya, banki zai iya nemanka da kuɗin ba sai an fara sayar da kayansa ba. Shi ya sa ake sa ka rubuta iyakar kuɗin da hannunka, da lamba da haruffa. Wanda bai iya rubutu ba sai da shaidu 2.

Ni dai da ni ne, sai na ga wannan adadin tukuna.